Mandara, Adamawa da Tibesti: Me Ya Tayar da Duwatsunmu Alhali Muna Tsakiyar Faranti?

Tambaya: Wani malamin sakandare daga Marwa ya ce littafin da yake koyarwa da shi ya nuna cewa tsaunuka na tasowa ne inda farantan ɓawon ƙasa biyu suka yi karo, kamar Himalaya. Amma a taswira, arewacin Kamaru da Cadi suna tsakiyar farantin Afirka, nesa da kowane baki. To me ya tayar da duwatsun Mandara, da tsinin Rumsiki, da tudun Adamawa, da Tibesti? Ta yaya masu bincike ke sanin shekarunsu? Kuma akwai fargabar wani ya yi aman wuta?

Amsa:

Malam, littafinka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa. Karon faranti hanya ɗaya ce ta samun tsauni, ita ce kuma ta fi suna saboda Himalaya. Akwai wasu. Abin da ke ƙara rikita ɗalibai a wajenmu shi ne kalma ɗaya muke da ita, dutse, ga abin da ake fasawa da guduma da kuma abin da ake hawa. Mai bincike dole ya raba su, domin shekarunsu ba ɗaya ba ne. Giranit ɗin da ke kewaye da Mokolo ya daskare wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, amma a lokacin yana binne can cikin ƙasa. Fitowarsa sarari, da ɗagowarsa har ya zama tsaunin da ake noma hawa-hawa a jikinsa, labari ne dabam da ya zo daga baya da nisa. Ƙasar nan ta ga karo, ta ga tsagewa, ta ga zafi daga ƙarƙashi, kowanne a zamaninsa, kuma kowanne ya bar irin nasa duwatsun. Daga nesa duk tsauni ne, amma kama da wane ba ta wane.

Mu fara da ma'auni. Ɓawon ƙasa a ƙarƙashin nahiya kaurinsa kilomita 35 zuwa 40 ne a yawancin wurare, a ƙarƙashin teku kuwa wajen kilomita 7. Abin da ke ƙarƙashinsa shi ake kira mantil, mu ce masa ɓargon ƙasa. Faranti shi ne ɓawon haɗe da saman ɓargon da ya yi sanyi ya sandare, kaurinsa kilomita 100 ko fiye. A nan akwai kuskuren da ya yi yawa a aji: cewa faranti na yawo a kan narkakken dutse kamar tasa a kan ruwa. Ba haka ba ne. Ɓargon daskararre ne, sai dai yana da zafin da zai sa ya lanƙwashe a hankali, kamar ƙarfen da maƙeri ya fitar daga wuta, bai narke ba amma yana bin guduma. Tafiyar faranti santimita kaɗan ce a shekara, kwatankwacin tofon farce. Sai dai santimita 3 a shekara, in aka ba ta shekara miliyan ɗaya, kilomita 30 ke nan.

Idan nahiya biyu suka haɗu, babu wadda za ta nutse sosai, domin duka ba su kai ɓargo nauyi ba. Sai ɓawon ya tattare, ya naɗe, wani ya hau kan wani, ya yi kauri. Tsaunin da ake gani a sama ƙaramin ɓangare ne na wannan kaurin, mafi yawansa ƙasa yake yi. Lissafin mai sauƙi ne, ɗalibanka ma za su iya. Nauyin ɓawo wajen giram 2.8 ne a kowane santimita kubik, na ɓargo 3.3. Raba 2.8 da bambancinsu, wato 0.5, za ka samu 5.6. Ma'ana kowane kilomita ɗaya na tsayi yana bukatar saiwa mai zurfin kilomita 5.6 da za ta riƙe shi. Tudun Tibet yana da tsayin kilomita 5, saiwarsa ke nan 28. Haɗa da 35 na asali da 5 na sama, ka samu 68, kuma abin da aka auna a can bai yi nisa da 70 ba. Riƙe wannan lissafi, zai yi mana amfani a Ngaundere.

Irin wannan karo ya faru a nan inda muke zaune. Tsakanin shekara miliyan 650 zuwa 550 da suka wuce, tsoffin ginshiƙan Afirka, wato manyan yankunan ɓawo da suka fi daɗewa, sun matso juna: na Kwango daga kudu, na Afirka ta Yamma daga yamma, da wani babban yanki da ke ƙarƙashin Sahara a yau. Tekun da ke tsakaninsu ta rufe. Kafin rufewar akwai jerin tsibirai masu aman wuta a cikinta, irin na Japan a yau, kuma ragowarsu ne duwatsun yankin Poli da na Mayo Kebbi a wajen Lere da Pala, waɗanda wasunsu sun haura shekara miliyan 700. Masana suna kiran wannan karo Fan-Afirikan. Giranit ɗin Mandara, da na Gera a wajen Mongo, da na Wadai a wajen Abeshe, duk 'ya'yansa ne. Tsaunukan da ya tayar sun daɗe da ƙarewa. Abin da muke takawa a yau saiwarsu ce.

Gani ya kori ji. Kai ɗalibanka da rani inda mayo, wato kogi, ya wanke falalen dutse ya goge shi sumul, irin kwazazzabon Kola kusa da Gidar, su durƙusa su duba. Su fara da ƙwayar dutsen. In ana ganinta da ido, fara da ja-ja da baƙa, wata kamar gero wata kamar wake, to a hankali ya huce, a zurfi, domin narkakken dutsen da ya fito sarari cikin gaggawa yake daskarewa, ƙwayarsa ba ta samun lokacin girma. Sannan su nemi inda dutsen ya yi zane-zane, baƙi da fari a jere kamar saƙin gwado, a wani wurin zanen ya naɗe kamar an tura tabarma jikin bango. Wannan shi ne nais, kuma dutse ba ya naɗewa haka ba tare da ya karye ba sai a zafi mai tsanani. Inda farin ya taru ya yi kamar an zuba kindirmo a cikin baƙin, dutsen ya fara narkewa ke nan, abin da ke bukatar digiri 650 zuwa sama. Zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30 a kowane kilomita, saboda haka zancen zurfin kilomita 20 ko fiye ake yi. A ƙarshe su nemi jijiya, farin dutsen ƙanƙara ko giranit mai manyan ƙwayoyi da ta ratsa zanen. Ƙa'idar ita ce wanda ya yanka shi ne ƙane. In jijiya biyu sun gitta juna, wadda ta wuce ba ta katse ba ita ce ta baya. Da wannan kaɗai yaro zai jera aukuwa huɗu ko biyar a kan falalen da bai fi faɗin tabarma ba, ba tare da na'ura ko ɗaya ba.

Tambayar da ɗalibi mai kaifi zai yi ita ce: in tsaunin bai wuce kilomita 5 ko 6 ba, ina aka samu kilomita 20 da aka kwashe daga kan wannan dutse? A yankin Cholire ma an samu duwatsun da matsin da suka sha ya nuna zurfin fiye da kilomita 30. Amsar tana bakin Logon a Kusiri. Kwale-kwalen da aka cika da buhuna ya nutse har kusan baki, duk buhun da aka sauke sai ya ɗan taso. Haka ɓawo yake. In zaizaya ta kwashe mita 1,000 daga sama, saiwar na tasowa da wajen mita 850, wato 2.8 a raba da 3.3, tsaunin bai rasa fiye da mita 150 na tsayinsa ba. Kafin tsauni mai kilomita 5 ya kwanta, sai an kwashe fiye da kilomita 30 na dutse. Shi ya sa tsaunuka ke daɗewa ba su mutu ba, shi ya sa kuma in sun mutu cikinsu ne ke fitowa fili.

Karon ya bar wani gado da ya fi giranit muhimmanci ga abin da ya biyo baya, wato manyan ɗinki. Waɗannan layuka ne masu tsawon ɗaruruwan kilomita inda ɓangarorin ƙasa suka goga da juna, dutsen ya niƙe ya miƙe kamar alewa. Ɗaya ya bi ta Cholire zuwa Banyo, wani ya ratsa tsakiyar Kamaru ta Fumban da Adamawa. Duka sun kwanta ne daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. In aka mayar da Kudancin Amurka ta manne da Afirka a taswira, ɗinkin tsakiyar Kamaru yana ɗorewa da na Fernambuko a arewa maso gabashin Barazil, da irin duwatsun da irin shekarun. Riga kuwa in za ta yage, tsohon ɗinki take bi.

Haka aka yi lokacin da Atilantika ta kudu ta fara buɗewa, tsakanin shekara miliyan 130 zuwa 100 da suka wuce. Tsagar ta yi rassa uku a wajen da bakin kogin Neja yake yanzu. Biyu sun ci gaba sun zama teku, na uku ya shiga cikin nahiya ya tsaya a hanya. Shi ne kwarin Binuwai, mai tsawon wajen kilomita 1,000, wanda reshensa na Yola ya shigo har Garwa. A tsagewa ɓawo sirancewa yake yi, tsakiya ta faɗa, koguna su cika ramin da yashi da laka. Wannan yashin ne ya zama dutsen yashin Garwa, kuma tudun Tingelin mai shimfiɗaɗɗen kai da ke arewa da garin ragowarsa ne: babu abin da ya tura shi sama shi kaɗai, na kewaye da shi ne aka kwashe. Irin waɗannan ramuka ne a Doba da Bongor a kudancin Cadi, inda lakar tsoffin tafkuna ta binnu ta dahu ta zama man fetur ɗin da ake turawa ta bututu mai kilomita 1,070 zuwa Kiribi tun 2003.

Sai na ukun, wato zafi daga ƙarƙashi, wanda ya fi shafar abin da kake gani daga Marwa. Akwai jerin wuraren aman wuta mai tsawon wajen kilomita 1,600 da ake kira Layin Kamaru. Ya faro daga tsibiran Annobon, Sawo Tome, Firinsife da Biyoko a cikin teku, ya hau tudu a Dutsen Kamaru mai fiye da mita 4,000, ya bi ta Manenguba, Bambutos da Oku, sannan ya rabu: reshe ɗaya ya yi gabas zuwa Ngaundere, ɗaya ya yi arewa zuwa Biu a Najeriya da tudun Kapsiki a Mandara. Tsinin Rumsiki, mai mita 1,224 daga lebur ɗin teku, ba dutse mai aman wuta ba ne sukutum, maƙogwaronsa ne. Wajen shekara miliyan 30 da suka wuce narkakken dutse mai kauri, irin wanda ba ya malala da nisa, ya taso ta wata kafa ya daskare a cikinta. Toka da ɓaraguzan da suka kewaye shi ba su da ƙarfi, ruwan sama ya wanke su, ya bar abin da ya toshe kafar a tsaye. Wanda ya taɓa ganin rijiyar siminti a bakin mayo bayan ambaliya ta cinye ƙasar da ke kewaye da ita, kwalbatinta na tsaye shi kaɗai, ya ga Rumsiki. In ka fasa ɗan gutsure za ka ga fari-fari ne ko toka-toka, ƙwayarsa ba ta ganuwa sosai, ba kamar giranit ɗin da yake tsaye a kai ba. Mita kaɗan ne tsakaninsu a ƙasa, fiye da shekara miliyan 500 a zamani.

Adamawa ita ce ta fi ba masu bincike aiki. Duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngaundere ya san inda mota ke fara nishi bayan Mbe, ana hawa gangaren nan mai kwana-kwana. Garwa wajen mita 200 take, Ngaundere wajen 1,100. Bisa lissafinmu na ɗazu, in karo ne ya ɗaga wannan tudu, dole a samu saiwa a ƙarƙashinsa. Ga yadda ake dubawa. Ana binne na'urar jin girgizar ƙasa a rami, a kan dutse mai rai, wato wanda ke manne da uwarsa, in zai yiwu, a bar ta shekara ɗaya ko biyu tana sauraren girgizar da ake yi a wurare masu nisa kamar Indunisiya. Girgizar na isowa ta ƙarƙashi. In ta zo iyakar ɓargo da ɓawo, wani ɓangarenta yana rikiɗa zuwa wani nau'i mai tafiyar hawainiya, sai ya iso na'urar a makare. Kowace daƙiƙa ɗaya ta jinkiri na nufin wajen kilomita 8 na kauri. Abin da ke ɓata aikin shi ne hayaniya, babbar hanya ko injin niƙa a kusa, da kuma yashi mai kauri a ƙarƙashin na'urar, wanda ke sa girgizar ta yi ta amsa kuwwa har ta rufe alamar da ake nema. Tsakanin 2005 da 2007 an dasa irin waɗannan na'urori 32 a faɗin Kamaru. Sakamakon: a ƙarƙashin tsohon ginshiƙin Kwango a kudu kaurin ɓawo kilomita 43 zuwa 48, a ƙarƙashin Layin Kamaru 35 zuwa 39, a kwarin Garwa 26 zuwa 31. Garwa ta tabbatar da sirancewar tsagewa. Layin kuwa kaurinsa na kowa da kowa ne, babu wata saiwar a zo a gani. Abin da aka samu maimakonta shi ne ɓargon da ke ƙarƙashi girgiza na tafiya a cikinsa a hankali, alamar ya fi na maƙwabtansa zafi. Abu in ya yi zafi yana kumbura, nauyinsa ya ragu, ya ɗaga abin da ke kansa. Tudun Adamawa kumburi ne.

Me ya kawo zafin? Nan ne gizo ke saƙar, kuma har yau ba a rufe muhawarar ba. Bayani mafi sauƙi shi ne wani bututun zafi da ke tasowa daga can ƙasa, faranti na wucewa ta kansa, kamar a Hawayi. Amma a Hawayi tsibiran na ƙara tsufa a jere daga wannan kai zuwa wancan. A nan babu wannan jerin: Firinsife da Kapsiki, ɗaya a teku ɗaya a can arewa, kusan sa'annin juna ne, Dutsen Kamaru da ke tsakaninsu kuwa ya yi amai a 1999 da 2000. A 1980 masani Godfrey Fitton ya lura cewa rassan Layin Kamaru da na kwarin Binuwai siffarsu ɗaya, kamar an ɗauki ɗaya an ajiye a gefe, sai ya kawo shawarar cewa zafin da ke ƙarƙashin Binuwai ne farantin ya goce daga kansa. Wasu na ganin ɓargo ne ke juyawa a gefen ginshiƙin Kwango mai sanyi da kauri, kamar yadda kunu ke juyawa a gefen tukunya. A ganina wannan na ƙarshen ya fi dacewa da rashin jerin shekaru, amma duk wanda aka ɗauka, tsoffin ɗinkin nan ne suka ba narkakken dutsen hanyar fita. Kada a koya wa yara ɗaya a matsayin an gama.

Tibesti irin wannan kumburin ne, sai dai ya fi girma. Tsohon dutse ne a ƙasa, dutsen yashi a kansa, sannan manyan duwatsu masu aman wuta a saman duka. Emi Kusi, mai mita 3,415, shi ne mafi tsayi a duk Sahara. Ramin Kanwa da ke kusa da Tuside kai ne da ya rufta, zurfinsa ya doshi mita 1,000, gindinsa fari fat da kanwa. Ennedi kuwa shimfiɗaɗɗen dutsen yashi ne da ruwa da iska suka sassaƙa. Su kuma duwatsun da ke tsaye su kaɗai a fili, kamar haƙorin Mindif, a ƙarƙashin ƙasa aka fara sassaƙa su: danshi na ruɓar da dutse inda yake da tsaga da yawa, ya bar inda yake dunƙule, in aka kwashe ruɓaɓɓen sai dunƙulen ya bayyana.

Yanzu batun shekaru. Ga giranit da nais, abin dogaro shi ne wata 'yar ƙwaya mai suna zirkon, wadda ba ta cika wuce kashi uku cikin goma na milimita ba. Lokacin da take ƙulluwa tana karɓar yuraniyom amma ba ta karɓar dalma. Yuraniyom kuwa yana rikiɗa zuwa dalma da saurin da aka sani. Nau'in 238 rabinsa na rikiɗa cikin shekara miliyan 4,470, nau'in 235 cikin miliyan 704. A zirkon mai shekara miliyan 600, wajen kashi 9 cikin ɗari na farkon ya rikiɗe, wajen kashi 45 na na biyun. Agogo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya, in sun yi daidai a yarda, in sun saɓa akwai abin da ya faru.

Aikin daga daji yake farawa, kuma yawancin kuskure a can ake yinsa. Ana fasa kilo 3 zuwa 5 daga dutse mai rai, wanda ke manne da uwarsa, ba wanda ya gangaro ba. A Mandara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin gangaren cike yake da manyan duwatsun da ba a san daga ina suka mirgino ba. A cire ɓawon da ya yi ja ko yake marmashewa, a kai ga cikin da ke ƙara ƙarau in an buga. A rubuta lamba a jikin dutsen da jikin buhun, a ɗauki wurin da GPS, a auna inda zanen ya dosa da kamfas. Mai awo ya nisantar da guduma da waya, in kuma basalt ne, wato baƙin dutsen aman wuta, ya ja da baya, domin yana da maganaɗisun da ke karkatar da allura. A ɗakin gwaji ana yanka ɗan ɓangare a goge shi har kaurinsa ya koma milimita 0.03, haske ya ratsa shi, a duba da maikiroskof a tabbatar da irinsa. Sauran a niƙa, a tankaɗe, a wanke kamar yadda masu gwal ke yi da tasa, a ja masu ƙarfe da maganaɗisu, sannan a zuba a wani ruwa mai nauyin 3.3. Ƙanƙara mai 2.65 za ta taso, zirkon mai wajen 4.6 ya nutse. Injin niƙan in ba a share shi tas ba, ƙwaya biyu daga dutsen wani za su shigo su ƙirƙiro tarihin da bai taɓa faruwa ba. A tsinci ƙwayoyin ɗaya-ɗaya, a dasa su cikin gam, a goge har cikinsu ya fito, a ɗauki hoto, sannan a harba leza a ɗigon da bai fi milimita 0.03 ba.

Hoton nan ba ado ba ne. Zirkon na da taurin kai, yakan tsira daga narkewar tsohon dutse, sabon zirkon ya tofo a kansa kamar ɓawon albasa. In lezar ta faɗa a tsakiya za ta ba da shekarun kakan dutsen, in ta faɗa rabi da rabi za ta ba da lambar da ba ta kowa ba. A ɗaya gefen, ƙwayar da ta tsattsage takan zubar da dalmarta, ta fito ƙarama da shekarunta. Shi ya sa ake harbin gomman ƙwayoyi, ba ɗaya ba. Basalt ba shi da zirkon sosai, sai a koma ga fotasiyom mai rikiɗa zuwa iskar argon, rabinsa cikin shekara miliyan 1,250. Shi ma yana da nasa ciwon: ruɓewa ko ɗumi na fitar da argon, shekaru su ragu, ƙwayoyin da narkakken dutsen ya kwaso daga ƙasa kuma na zuwa da tsohon argon, shekaru su ƙaru. Duk lambar da ta fito, a mayar da ita kan falalen dutse. In takarda ta ce jijiya ta girmi dutsen da ta yanka, takardar ce da laifi.

Duk wannan shekarun dutse ne. Na ɗagowa da wata ƙwaya ake nemansu, afatayit. Yuraniyom ɗin da ke cikinta yakan fashe ya bar ƙananan tabo, waɗanda zafin da ya haura digiri 110 ke gogewa. Tabon na fara taruwa ne bayan dutsen ya taso zuwa kilomita 3 ko 4 daga sama. A ƙirga su, a san yaushe ya huce. Ana ɗibar samfur a jere daga gindin gangare zuwa kansa, kowane mita 100 ko 200, domin yadda shekarun ke canzawa da tsayi shi ke nuna ko a hankali aka taso ko da sauri.

Ga mai haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, wannan tarihi kuɗi ne. Giranit ba ya shan ruwa, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen samansa da cikin tsaga, shi ya sa rijiya biyu a unguwa ɗaya a Mokolo wata ta kawo wata ta bushe, alhali a dutsen yashin Garwa ruwan a shimfiɗe yake. A yankin Mayo Tsanaga kuma wasu giranit ɗin na sakin fulorayid, mai rina haƙoran yara, saboda haka a gwada ruwan kafin a sa famfo. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya miligiram 1.5 ce a lita.

Aman wuta kuwa, Rumsiki ya mutu tuntuni, babu abin tsoro a can. Mai rai a Kamaru shi ne Dutsen Kamaru, wanda cibiyar binciken ƙasa da ma'adinai, IRGM, ke sa wa ido daga Ekona. A Tibesti akwai sauran zafi, tururi da ruwan zafi na fita a Soborom. Bala'in da layin ya jawo mafi muni ma ba wuta ba ne: a daren 21 ga Agustan 1986 tafkin Niyos, mai zurfin wajen mita 200, ya saki iskar kabon da ta taru a gindinsa, ta kashe mutum 1,746, shekara biyu bayan tafkin Monun ya kashe 37. Tun 2001 aka sa bututun da ke fitar da iskar a hankali. Duka biyun suna can yammacin ƙasar. Ga mazauna gindin Mandara, abin da ya fi kusa shi ne dutsen da ke zaune a kan gangare cikin Agusta, bayan ruwa ya jiƙa ƙasar da ta tallafe shi. In an ga sabuwar tsaga a ƙasa ta bayansa, ko bishiyar da ke gefensa ta fara karkata, ko ruwa mai laka na tsattsafowa daga gindinsa inda da ba ya yi, a kwashe mutane da dabbobi daga gidajen da ke ƙasansa kafin ruwa na gaba ya sauka.